Ruwan da Ya Sauka a Rediyo

Maidawa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma a duk Tungar Albarka babu wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Ni kuwa Ɗandije an sha kama ni, ko da yake rabin abin sharri ne na masu hassadar bakina. Amma ku dubi rashin adalcin duniya. Ƙaryata ta shekara arba'in ba ta taɓa kashe ƙwayar gero ɗaya ba. Shi da ya buɗe baki sau uku kawai, gari guda ya rasa damina. Duk da haka in aka zauna a rumfa ana tuna shekarar, sunana ake fara kira. Shi ya sa na ɗauki bik, wato alƙalami, da wannan rubutun hannu nawa da malaman lakwal, makarantarmu ta boko, suka sha yabo, in faɗi yadda abin ya kasance.

Aibin Maidawa ɗaya ne. Zurfin ciki gare shi, irin wanda girman kai ke haifarwa. In ƙaya ta soke shi, ya gwammace ya yini yana taka ta da a gan shi yana ɗingishi.

Aikinsa kuwa karatun ma'aunin ruwan sama. Ofishin gona na Filinge ne ya kafa ma'aunin a bayan lakwal: sandar ƙarfe, a kanta mazurari, a ƙarƙashin mazurarin kofin roba mai zane-zane irin na sirinji, an kewaye shi da waya. Kowace safiya ta damina, ƙarfe takwas daidai, Maidawa zai sa farar riga, ya je ya ɗaga kofin saitin idonsa, ya rubuta a kaye, littafinsa na aiki, ya zubar da ruwan, sannan ya kira shef ɗinsa, wato shugabansa na ofis, Mushe Garba, a waya. Da azahar sai rediyo ta karanta garuruwa da abin da kowane ya samu. Aikin minti biyar ne, amma in ka ga yadda yake tafiya za ka rantse shi ke buɗe wa hadari ƙofa.

Minti biyar ɗin nan ba wasa ba ne. A ƙasarmu ta Kurfai ruwa yakan jiƙa gonar wani ya bar ta maƙwabcinsa. In shukar fari ta mutu, ofis na da irin gero mai saurin nuna da yake rabawa don a sake shuka, kuma ba ya isar kowa. Lambobin ma'auni ake dubawa. Garin da lamba ta nuna fari, shi motar iri ke shiga.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwan shuka ya sauka da kyau. Muka zazzage rumbuna, muka shuka duk irin da muka ɓoye. Gero ya tsiro kore shar. Daga nan sama ta rufe.

A cikin kwanakin nan ne Hamida matar Maidawa ta fara canzawa. Tana cikin daka sai ta tsaya da taɓarya a sama, ta zuba wa ƙofar gida ido, ta ce "Na'am?" alhali babu kowa. Bayan haka ta daina magana gaba ɗaya. Ya kai ta asibiti a Filinge, aka duba, ba a ga komai ba. Sai goggonta Tambara, wata tsohuwar 'yar bori da ke zaune a wani ƙauye gefen Bonkuku, ta zo ta tafi da ita don a yi mata girka, wato zaman magani da kiɗa har iskar da ke kanta ta faɗi abin da take so.

Duk wannan daga baya na san shi. A lokacin, da na tambaye shi, cewa na yi, "Bawana, ina Hamida? Kwana biyu ban ji ƙamshin miyarta ba, ko ta gane kuskurenta na aurenka?"

Ya ce, "Ta tahi Yamai wajen 'yar'uwarta."

"Ana tsakiyar noma?"

"Ɗandije, gidanka ya ishe ka."

Abin da ke cinsa shi ne kunya. Mutumin da ya yi lakwal, mai karanta milimetir, mai sahun gaba a masallaci, a ce matarsa na zaune gaban goge da ƙwarya? Ya ga gara ƙasa ta tsage. Amma yana son Hamida, wannan ban hana shi ba. Da farko yakan karanta ma'auni, ya hau moto, wato babur, ya je ya gan ta, ya dawo da yamma. Da jikinta ya yi tsanani, sai ya ce wa mutane an kira shi horo a Filinge, ya tafi bai dawo ba. Ga Mushe Garba kuwa bai ce komai ba. Kowace safiya yana kiransa kamar yana tsaye a bayan lakwal.

Can gefen Bonkuku ana samun ruwa. Ya tsaya a ƙofar gidan Tambara, ya ga hadari ya yi baƙi ta wajen garinmu, ya auna da ido, ya faɗi lamba.

Muna zaune a rumfar maigari Ɗanjimma bayan azahar, zufa na bin bayan kowa, sai rediyo ta ce, "Tungar Albarka, milimetir goma sha takwas."

Maigari ya tura dunduniyarsa cikin rairayi, ƙura ta tashi.

Ya ce, "Wace Tungar Albarka? Akwai wata ban sani ba?"

Wani ya ce a je a dubi ma'aunin. Nan take na gane taubashina ya faɗa rami, ko da ban san wane rami ba. Kafin tsofaffi su gama neman takalma da sanduna, na ɗauki butar masallaci, na bi ta bayan dangar lakwal, na zuba ruwa a kofin daidai zanen goma sha takwas. Hannuna bai yi rawa ba, ko ɗigo bai wuce ba. Na zagayo na shiga bayan ayari ina salati tare da kowa.

Maigari ya leƙa, ya ja da baya. "Ga ruwa kau! To wa ya karanta, tunda Maidawa shina Hilinge?"

Na ce, "Baba, ai wanga sabon ma'auni na. Da kanshi yake aika lamba cikin wayar Maidawa."

Suka yarda, don ni in na yi bayani har mai ilimi yakan gyaɗa kai. To wannan shi ne laifina kaf, kuma zumunci ne ya sa ni. Wanda bai taɓa rufa wa ɗan'uwansa asiri ba, shi zan ba dama ya zage ni.

Da yamma na kira shi. Na ce, "Bawana, ruwanka ya sauka a rediyo, amma bai iso gona ba. Kana ina?"

"Ina horo."

A bayan muryarsa ina jin goge na kuka siriri, ana kaɗa ƙwarya a hankali. Kunnena bai taɓa cin amanata ba.

Na ce, "Wanga horo da daɗi shike, har da makaɗa. Ji nan, ko mi ke akwai, ka bar min ma'aunin. In karanta, in kira ka, kai ka kira shef. Ko ka gaya ma shef gaskiya shi sa wani."

"In ba ka aikin gwamnati? Kai?"

"Ni da na iya zuba goma sha takwas ba kuskure, karanta sihiri zai gagare ni? Babu ruwa nan, Maidawa. Ko yayyahi."

Na ɗauka zai ce to. Sai ya ce, "Na riga na hwaɗa. In na canza, mi za su ɗauke ni? Ruwa na zuwa, lamba za ta daidaita. Kar ka sake ka taɓa min ma'auni." Ya kashe waya.

Na je na zubar da ruwan butar da na zuba a kofin, na ɗaure ƙofar shingen ma'aunin da wani ƙulli nawa da babu mai iya kwaikwayonsa.

Kwana biyar bayan haka rediyo ta ce, "Tungar Albarka, milimetir goma sha biyu." Na sake ɗaukar buta ina zaginsa a zuci. Rana na tsaka, irin lokacin da tsofaffi ke hana mutum yawo shi kaɗai. Ko tsuntsu ba ya motsi. Ƙullina na nan yadda na bar shi. Rairayin cikin shingen sumul, babu sawun kowa sai na ƙadangare. Na kwance, na ɗaga kofin in zuba.

Da ruwa a ciki. Daidai zanen goma sha biyu.

Kofin ya yini a rana, robarsa na ƙona yatsa, amma ruwan sanyi ƙalau kamar yanzu aka ɗebo shi daga randa. Launinsa ja-ja, yana warin saiwa da sassaƙe. Na mayar da shi a hankali, na fita da baya. Sai da na isa gida na lura na bar butar masallaci can, kuma ban koma ɗaukarta ba. Har yau liman yana ce min ɓarawon buta.

Karo na uku rediyo ta ce ashirin da biyar. Wannan karon ban riga kowa ba. Gari guda muka je, muka tsaya nesa, maigari kaɗai ya shiga. Ya fito yana shafa hannu a riga, ya ce, "Ashirin da biyar." A lokacin geronmu ya riga ya kwanta, ya koma launin rairayin da ke ƙarƙashinsa.

Mutane suka ce wani abu ke tattara ruwan garin yana zubawa a kofi ɗaya. Mata suka daina bin hanyar lakwal zuwa rijiya. Na ce wa maigari a aika Filinge a faɗa musu shuka ta mutu. Ya ce, "Mu ce musu mi? Ga ruwa cikin abin aunawarsu. Dariya za su yi muna." Da na faɗa masa zancen buta, watakila da ya aika. Amma da sai ya tambaye ni sauran biyun, ni kuwa ba ni da amsa, kuma ba na son tsayawa gaban jama'a babu amsa.

Ran kasuwar Tabla muka hango motar iri. Yara da manya aka fito bakin hanya. Ta zo daidai mararrabar garinmu, ba ta ko rage gudu ba. Wanda ya bi ta a moto ya dawo ya ce direba ya nuna masa takarda: Tungar Albarka ta samu ruwa sau uku, ba ta cikin masu buƙata.

Ban ci abinci ba na hau moto sai gefen Bonkuku. Gidan Tambara ba ya ɓata, na bi sautin goge. Na isa rana na tsaka. A tsakar gida an shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar kara, mai goge na gefe, mata biyu na kaɗa ƙwarya. Hamida na zaune an lulluɓe ta da baƙin zane. Ta rame, leɓɓanta sun tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Maidawa na tsugune a bakin zaure, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa. Da ya gan ni ya kau da kai.

Tambara ta dube ni ta ce, "Kai ne Ɗandije mai baki? Zauna. Dama ina neman wanda zan tambaya, tunda wanga ba shi magana." Ta nuna wata tukunya a gindin rumfar, an rufe bakinta da faifai an ɗora dutse. "Maganinta na. Da hannuna nike cika ta. Sau ukku ke nan ina buɗewa da sahe in iske ta ragu, ba tsaga, ba jiƙa a ƙasa. Duk ranar da ta ragu, yarinyar ga sai ta koma baya."

Ta ɗaga faifan. Warin ya bugi hancina, saiwa da sassaƙe. Ruwan ja-ja. Na zauna ba tare da na yi niyya ba.

Sai goge ya canza murya. Hamida, wadda ta fi wata ba ta ce uffan ba, ta ɗago kai. Idonta a buɗe, amma ba mu take kallo ba. Muryar da ta fito ba tata ba ce, mai kauri ce, a hankali, kamar ta dattijon da bai saba a katse shi ba.

"Maidawa mai aunawa."

Maidawa ya miƙe tsaye.

"Goma sha takwas, wani ya zuba maka, munka ƙyale. Goma sha biyu. Ashirin da biyar. Kana ba da ruwa da baki. Daga ina kake tsammani ake ɗiba?"

Tambara ta ce sau uku tukunyar ta ragu, muryar kuwa biyu ta lissafa wa kanta. Ban tambayi na ukun ba, kuma ban ba kowa shawarar ya tambaya ba.

Muryar ta ci gaba. "Kun ce tana Yamai. Mu ma mun neme ta Yamai ba mu gan ta ba. Matar da mijinta ya ɓoye, ta wace ƙohwa za ta koma gida?"

Hamida ta sunkuya, aka tare ta. Goge ya tsaya. Maidawa ya zube a gwiwa ya rufe fuska, ya yi kuka irin na mutumin da bai iya ba.

Tambara ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Ɗana, ciwo ba sata ba ne. Mu nan da masu salla da masu bori, duk rijiya ɗaya muke sha. Tashi ka tahi inda ka yi ɓarna. Ita ka bar min, ba gudu za ta yi ba."

Ni na tuƙa shi zuwa Filinge, don hannunsa ba ya iya riƙe moto. Muka sami Mushe Garba a biro, wato ofishinsa. Maidawa ya tsaya ya faɗi komai, tun daga taɓarya har zuwa lamba ta uku. Zancen buta ma ya faɗa, abin da a ganina bai zama dole ba.

Mushe Garba ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Saboda wannan? Maidawa, uwata da ta haife ni an yi mata girka, ni na riƙe mata zane. Da ka kira ni ka ce shef, matata ba lafiya, da na ce wa daraktan lakwal ya riƙa karantawa, ka tafi ka yi jinyarka wata guda. Kalma huɗu."

"Shef, a aika musu irin. Ni a yi min duk abin da za a yi."

Mushe Garba ya tashi, ya ɗauki makulli, ya ce mu biyo shi. Ya buɗe magaza, ɗakin da ake ajiye iri. Babu komai ciki sai igiyoyin buhu da tsabar da ta zube a ƙasa, kaji biyu sun shigo ta ƙarƙashin ƙofa suna tsincewa.

Ya ce, "Buhu sittin na ware wa garinku tun farko. Lambarka ta sa na ba wasu."

Maidawa ya durƙusa ya fara tattara tsabar da tafin hannu yana zubawa a aljihu. Ba wanda ya hana shi.

Muka koma gari, ya tsaya a rumfar maigari ya maimaita komai a gaban jama'a, har da inda Hamida take. Ba wanda ya yi dariyar girka. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ashe yarinyar na kwance, ko gaisuwa ba mu je ba? Wace irin rowa ce wagga, rowar ciwo?" Abin da ba a yafe ba shi ne asarar irin shuka.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ruwa ya sauka. Ruwan gaske, irin wanda ake samu sau ɗaya a shekara biyar. Ya yi ta zuba har la'asar, kwari ya cika, ƙasa ta yi laushi har gwiwa. Da ya ɗauke, mutane suka fita gonaki kamar yadda aka saba, suka tsaya. Ga ƙasa a jiƙe, ga ƙamshinta, ga sungumi a kafaɗa, babu abin da za a jefa a rami. 'Yan kaɗan suka samo tiya ɗaya ko biyu wajen dangi. Sauran suka tsaya suna kallo har rana ta faɗi. Kafin kaka, rabin mazan garin sun tafi ci-rani.

Washegari ƙarfe takwas Maidawa ya tafi bayan lakwal, na bi shi. Shi ne karatunsa na ƙarshe, don an riga an ce ya miƙa kaye ga darakta. Cikin shingen duk taɓo, ruwa na ɗiga daga waya, mazurarin a buɗe babu abin da ya toshe shi. Ya ɗaga kofin saitin idonsa. A bushe yake ƙayau, har da ƙura a gindi.

Wayarsa ta yi ƙara. Mushe Garba ne. "An ce kun sha ruwa jiya. Nawa?"

Maidawa ya dubi kofin, ya dubi taɓon da ƙafarsa ta nutse a ciki. Na ga bakinsa na shirin aunawa da ido. Sai ya haɗiye.

Ya ce, "Shef, ban sani ba."

A ranar ne, in ji Tambara, Hamida ta buɗe baki da muryarta ta nemi fura.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Babu ma'aikacin da ke ajiye gidansa a bakin ƙofa in zai shiga aiki. Ciwo, baƙin ciki da tashin hankali suna bin mutum duk inda ya sa ƙafa. Samun matsala ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ɓoye ta, ka ci gaba da nuna kana tsaye a wurin da ba ka nan, har ka fara cike gurbinka da ƙarya. In abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa shugabanka tun da wuri, ka nemi hutu, ka miƙa aikin ga wanda zai riƙe maka, ko da kana ganin bai kai ka ba. Aikin da ka raina a minti biyar, wataƙila abincin gari guda ne ke rataye da shi. Kai kuma ɗan'uwa ko abokin aiki, in ka ga wani na nutsewa, kada taimakonka ya zama rufe masa ɓarna. Ka kama hannunsa ka kai shi inda za a gyara tun gyara na da amfani. Wannan na ƙarshe, na yarda, da ni nake.